Labarai Masu Ɗaci A Littattafan Matasa: Daga Shaihu Umar Zuwa Dajin Falgore

 Yau zan ɗan karkata zuwa ga littattafai, tunda wasu daga cikin labaran Kannywood na farko daga littafi aka ɗebo su. Tambayar da nake son mu duba ita ce: shin ya dace a riƙa sa abubuwa masu nauyi, irin su garkuwa da mutane, auren dole, fyaɗe, shaye-shaye da kisan kai, a cikin labarin da yaro ko yarinya 'yan shekara 13 zuwa 18 za su karanta? Na tattaro abin da na sani na tarihin wannan muhawara, sannan na auna ta da rayuwar matasan yankin Falgore.

Me ake nufi da adabin matasa?

A Amurka da Ingila akwai rukunin littattafai na musamman da ake bugawa don 'yan sakandare, har kanta daban ake ware musu a shagon littattafai. Ana yawan ambaton The Outsiders na S.E. Hinton, wanda ya fito a 1967, cikin waɗanda suka buɗe wannan fage. Marubuciyar tana makarantar sakandare ta fara rubuta shi, kuma labarin faɗan ƙungiyoyin samari ne, har da kisa a ciki. A 2011 jaridar Wall Street Journal ta buga sharhin Meghan Cox Gurdon, inda ta koka cewa littattafan matasa sun cika duhu. Marubuci Sherman Alexie ya mayar mata da martani cewa yara da yawa sun riga sun ɗanɗani abin da ya fi na littafin muni a rayuwarsu.

Mu a ƙasar Hausa ba mu da wannan rabe-rabe. Littafi ɗaya ne uwa za ta karanta ta ajiye, 'yarta ta ɗauka, ƙanwar 'yar ta saci kallo. Da ana kai shi gidan haya ko a saye shi a kasuwa, yanzu kuwa waya ɗaya ce ke zagaya gida. Saboda haka idan muka ce adabin matasa, muna nufin duk abin da matasa ke karantawa ne, ko don su aka rubuta ko ba don su ba. A nan ne rabin matsalar take.

Abin da magabata suka rubuta

Masu cewa littattafan da ba su da abin tayar da hankali, ina ganin sun daɗe ba su buɗe su ba. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku dubi Shaihu Umar: an sace yaro yana ƙarami, Balarabe ya ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta sha wuya, kuma ba ta daɗe ba bayan sun haɗu ta rasu. Wannan ai labarin satar yaro ne da bauta, kuma an karantar da shi a makarantunmu shekara da shekaru. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fi wannan ɗaci. Mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ɗan da aka haifa ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya kashe ubansa ba da saninsa ba. A fagen Turanci kuma, ɗan Kano Mohammed Sule ya fitar da The Undesirable Element a 1977 cikin jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, jerin da aka tsara don matasan Afirka, kuma labarin 'yar makaranta ce da kwaɗayi da mai kuɗi suka ɓata wa rayuwa.

Kafin duk waɗannan ma akwai tatsuniya. Dodo mai cin mutane, kishiyar uwa mai azabtar da marainiya, duk da su kakanninmu suka yi mana hira da dare muna ƙanana.

Zamanin littattafan soyayya

Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafansu da kansu a Kano, abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. A nan ne rigimar ta yi zafi, har aka daɗe ana musayar alƙalami a jaridu tsakanin masana irin su Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme.

Littattafai biyu sun isa misali. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya ta faɗa rijiya saboda za a raba ta da wanda take so. Masu suka suka ce littafin na koya wa 'yan mata bijire wa iyaye da kashe kai. Masu kare shi suka ce iyayen da ke fifita kuɗi a kan farin cikin 'ya'yansu littafin ke jan kunne.

Sai Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. A ciki an cire Abu daga makaranta, aka aurar da ita ga tsoho Sarkin Noma, kuma marubuciyar ba ta ɓoye azabar da yarinyar ta sha a gidan ba. Abu ta gudu birni, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk wanda ya karanta shi ya san ba sha'awa yake tayarwa ba, tausayi da takaici yake sawa. Ɗayan littafinta, Alhaki Kwikwiyo, ya zama fim, kuma an fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Matakan da hukuma ta ɗauka

An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa dalilin cewa suna ɓata tarbiyya. Zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim kuma marubuta sun yi ta kai ruwa rana da hukumar kan batun yi musu rajista da tace rubutunsu kafin a buga.

Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne na 2021, lokacin da hukumar ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah ta sanar da hana nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinai. Hujjarsu ita ce matasa na koyon dabarun laifi daga abin da suke kallo. Ban raina wannan hujja ba, domin ƙwacen waya ya ci rayuka a Kano. Amma bari mu ɗauke ta mu kai ta Falgore mu ga yadda za ta zauna.

Falgore a matsayin ma'auni

Dajin Falgore yana kudancin Jihar Kano, kimanin kilomita 150 daga birni. Wanda ya bi hanyar Jos ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada zuwa Doguwa sai ya ratsa ta cikinsa. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya ya zama gandun namun daji, kuma Kogin Kano yana bi ta cikinsa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga. Yanki ne na manoma da makiyaya: shinkafar Tudun Wada, masarar Doguwa, ga tsohon garin haƙar kuza na Riruwai.

Wannan daji kuma ya yi ƙaurin suna, musamman wajajen 2015, saboda ɓarayin shanu da masu tare hanya da masu garkuwa da mutane. Har ta kai direbobi na gudun ratsa shi da dare, daga baya sojoji suka mayar da wani sashe nasa filin atisaye.

To, ku ɗauki yaron da ya tashi a ƙauyukan bakin wannan daji a waɗancan shekaru. Ba a fim ya fara jin kalmar kuɗin fansa ba. A majalisar ƙofar gida ya ji ta, ko a kasuwa, ko a bakin mata wajen jaje. Ɗan makiyayin da aka kore musu garke dare ɗaya ba ya buƙatar marubuci ya bayyana masa mene ne satar shanu. Haka yarinyar da ta ga ƙawarta ta daina zuwa aji saboda an sa mata rana, ko a Kiru take ko a Bebeji, ta riga ta san labarin Abu kafin ta ga bangon littafin.

Idan aka ce kada labari ya taɓa waɗannan abubuwa, ba a kare wannan yaro daga komai ba, domin abin ya riga ya same shi. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya ga irin rayuwarsa a rubuce, ya ga wani ya shiga irin halinsa ya fita. Sai a bar shi da labaran gidajen bene da manyan motoci na Abuja, waɗanda su ma, in za mu faɗi gaskiya, suna da tasu illar wajen cusa wa yara son abin duniya.

Ina ganin darasin gasar Hikayata ta BBC Hausa ke nan. Labarin da ya ci gasar farko a 2016, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Da aka ba mata dama su rubuta abin da ke ransu, abin da ke ci wa al'umma tuwo a ƙwarya suka rubuta. Haka shirin Daɗin Kowa na Arewa24 ya samu karɓuwa a gidaje duk da ya taɓo shaye-shaye da almajirci da tsattsauran ra'ayi.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya

Ba duk abin da aka kira faɗakarwa ne faɗakarwa ba. Yanzu da rubutu ya koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, ga masu karanta littafi a YouTube, akwai marubutan da batsa zalla suke sayarwa. Za a biya kuɗi a shiga guruf, babu mai tambayar shekarun wanda ya shigo. Wani lokaci a saka fyaɗe a labari a rubuta shi kamar abin marmari, ƙarshe ma a aura wa yarinyar wanda ya cuce ta a ce soyayya ce. Wannan kam cutarwa ce, kuma iyayen da suka tayar da jijiyar wuya a kai ba su yi laifi ba.

Masu sauraron waƙa sun san wannan bambanci tun da daɗewa. Ɗan Maraya Jos ya yi waƙar karen mota, ya nuna wahalar talaka har ka ji tausayinsa. Gambu mai waƙar ɓarayi kuwa kirari yake yi wa ɓarawo. Duka biyun sun taɓo rayuwar ƙasa-ƙasa, amma abin da kowannensu ke bar wa mai sauraro daban ne.

Yadda nake auna littafi

Ga tambayoyi huɗu da nake yi kafin in bar ƙanena ko ƙanwata su karanta littafi ko su kalli fim:

1. Ta idon wa ake ba da labarin? Idan muna tare da wanda aka zalunta, muna jin zafinsa, da sauƙi. Idan mai laifin ne gwarzo, ana nuna kuɗinsa da bindigarsa kamar abin koyi, akwai gyara.

2. Ana koyar da yadda ake aikata laifin dalla-dalla? Labari zai iya nuna an sace mutum ba tare da ya zama darasin yadda ake tare hanya ko haɗa ƙwaya ba.

3. Laifin yana da sakamako? Ba dole ne a ƙare da wa'azi ba, amma a ga abin da ya jawo wa iyali da gari.

4. Akwai ƙofar fita? Yarinyar da ke cikin irin halin ta ga wa za ta iya gaya wa: gwaggo, malama, mai unguwa, asibiti.

Abin da ya rage a yi

A ganina abin da muka rasa shi ne alamar shekaru. Hukumar tace finafinai ta ƙasa tana da matakai irin su 12, 15 da 18, amma da wuya ka ga irin wannan a bangon littafin Hausa ko a farkon labarin da ake turawa ta waya. Ƙungiyoyin marubuta, irin su reshen ANA na Kano, za su iya tsara wannan da kansu ba sai an jira doka ba. Marubuci ya rubuta a shafin farko cewa labarin nan na 'yan 16 zuwa sama ne, kuma akwai batun fyaɗe ko kisa a ciki. Uwa ta gani ta yanke hukunci, malami ya gani ya san wanda zai kai aji.

Sannan iyaye da yayye, mu riƙa karanta abin da yaranmu ke karantawa. Ƙwace waya ba ya hana komai, gobe za ta ara a wajen ƙawa. Amma idan kika zauna da 'yarki kika tambaye ta me take gani game da abin da aka yi wa Abu, wataƙila ranar ce za ta gaya miki abin da ta daɗe tana ɓoyewa.

Ga matasan Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji masu sha'awar rubutu kuwa, labarin yankinku yana hannunku: manomi da makiyayi da suka yi zaman lafiya shekaru kafin a shiga tsakaninsu, direban da ke ratsa daji da addu'a a baki, ɗan banga da ya bar matarsa da goyo ya fita sintiri. Ku rubuta shi da gaskiya da kunya irin tamu, ku faɗi shekarun wanda kuka rubuta dominsa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya a dazukanmu da garuruwanmu, amin.