TARIHIN ASKA, DA YADDA ZA KA ZAƁI TAKA

Hirarmu ta yau a kan aska take. Ku mutanen Azarori da Madawa da Buza da Keita, kun san ta sarai. Ran suna, ita ke fara taɓa kan jariri. Amma kun san inda ta fito?

Tun zamanin kaka da kakanni, aska daga hannun maƙeri take fitowa. A dutsen Tarmit, gabashin ƙasarmu, masu bincike sun tono wuraren narka ƙarfe waɗanda suka riga haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A nan Adar ma, maƙera kan haƙo tama, su gina murhu na yumɓu, su zuba gawayi, su narka ta. Wata Bafaranshiya, Nikol Eshar, ta zauna tare da maƙeran Adar a shekarun 1960, har ta ɗauki wannan aiki a sinima. Da irin wannan ƙarfe ake ƙera hauya da gatari da aska. Daga baya ƙarfen tsoffin motoci ya yi yawa, sai aka bar narka tama.

A da, ba kowa ke da aska ba. Ta wanzami ce. Yana yawo da zabira, cikinta akwai asake da ƙaho da dutsen wasawa. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciya, shi ke tsagar gado. Sana'ar gado ce, har shugabansu yana da sarauta, Sarkin Aska. Aska guda takan bi kan mutanen unguwa duka.

A ƙasar Turawa ma haka abin yake. Wajen shekara ta 1680 maƙeran birnin Shafil na Ingila suna ƙera aska mai naɗewa cikin ƙotarta. Wajen 1740 wani mutumin can, Banjamin Hantsman, ya gano dabarar dafa ƙarfe ya yi tauri ƙwarai. Daga nan garin Zolingan na Jamus da garin Tiyar na Faransa su ma suka yi suna da aska.

A 1903 kamfanin Gillette na Amurka ya fara sayar da reza, wadda in ta dakushe sai a yar. A shekarar farko, gidan reza 51 kawai ya sayar. Lokacin yaƙin duniya na farko aka raba ta ga sojojin Amurka, sai ta bazu. A 1975 kamfanin Bic ya fito da ta roba. Haka reza ta iso teburan kasuwanninmu, har wanzamai da yawa suka koma ga aska mai cin reza.

Akwai dalili mai nauyi da ya sa haka. Likitoci sun gano cewa jini kaɗan a bakin aska yana iya ɗaukar cuta daga mutum zuwa mutum. A 1965 aka gano alamar ƙwayar ciwon hanta a cikin jini. Wannan ƙwaya tana iya yin kwana 7 a kan ƙarfe ba ta mutu ba, ko da jinin ya bushe. A 1983 aka gano ƙwayar sida. Tun 2008 ana yi wa jariran Nijar allurar rigakafin ciwon hanta, amma manya da yawa an haife su kafin wannan lokaci. Shi ya sa ya kamata kowane magidanci ya mallaki askarsa.

To, ɗan'uwa, in za ka sayi ta farko, ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Kada adon ƙota ya ruɗe ka, ƙarfen za ka duba. Ɗaga ta wajen haske. In ka ga giɓi, ko tsatsa a bakinta, ko ta karkace, ajiye ta. Buɗe ta, ka rufe. In ƙusar tana rawa, za ta yanke ka. Zaɓi matsakaiciya, mai zagayayyen kai, don mai tsini tana huda fatar wanda bai saba ba. Gwada ta a gashin hannunka bayan ka wanke ta. Mai kyau tana ɗauke gashi ba tare da ka danna ba.

Ka tuna, askar maƙeri tana son dutse da fatar wasawa, sai ka haɗa kuɗinsu cikin lissafi. In ba ka iya wasawa ba tukuna, fara da mai cin reza. Ta fi araha, kuma kowane aski da sabuwar reza.

In ka gama aski, wanke ta da sabulu, ka shanya, ka shafa mata ɗan mai. Kada ka ara, kada ka ba da aro. In wanzami zai yi wa ɗanka aski ko kaciya, kai masa sabuwar reza, ko a tafasa askarsa cikin ruwa minti 20 a gabanka. Wannan ba raini ba ne, wanzamin kirki zai ji daɗi.

Magabata sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku karanta wannan takarda a wurin yaƙi da jahilci, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.