Sunayen Da Ke Kan Hanyar Karasuwa

Motar da ta tashi daga Nguru ta nufi Gashuwa sai ta ratsa ƙasar Karasuwa, ta bi ta Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar. Yawancin fasinjoji ba sa sauka. Ana tsayawa a sayi ruwa ko soyayyen kifi ta taga, direba ya ja gaba. Amma wanda ya kasa kunne ga sunayen garuruwan wannan yanki zai ji harsuna uku suna magana: Manganci, wato Barbarcin Mangawa, da Badanci, da kuma Hausa wadda ta zama harshen kasuwa da tasha.

Kunnen Bahaushe yakan so ya ji "kasuwa" ko "ƙarasa" a cikin Karasuwa, to amma kama da wane ba ta wane, kuma amo kaɗai ba ya zama hujjar asalin suna. Gara a fara da sunayen da ginuwarsu ke a fili. Garin Gawo ba ya buƙatar tafinta: bishiyar gawo ce, mai zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. Bukarti kuwa ginin Barebari ne, sunan mutum da ɗafa-ƙeyar da ke nuna mazauni, wato garin Bukar. Ƙa'idar ce ta ba mu Yusufari a maƙwabta, da Mangari, ƙasar Mangawa. Inda Bahaushe zai ce Gidan Wane ko Garin Wane, Babarbare sai ya maƙala wa sunan wutsiya. Haka ma Bulama, mai gari, daga "bula" wato gari. Komadugu kuwa kogi ne kawai a Barbarci, don haka mai cewa "kogin Komadugu Yobe" ya faɗi kogi sau biyu. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa kusa da Gashuwa su haife shi, ya gangara zuwa Tafkin Cadi, kuma sunansa aka bai wa jihar da aka ƙirƙiro daga Borno a 1991.

Sunan da ya fi ba ni sha'awa shi ne Galadima. Kusan babu masarautar Hausa da ba ta da shi, har mun ɗauka namu ne tun fil azal. Alhali sarautar Borno ce, kuma tun ƙarni na 17 Nguru ce mazaunin Galadiman da Mai na Borno ya ɗora wa tsaron yammacin daularsa, ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Ciroma da Kacalla su ma daga can suka zo mana. Masana harshe sun daɗe suna nuna cewa "karatu" da "rubutu" da "kasuwa" ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Yaron da ke jan baƙi a tsangayar Jajimaji yana amfani da kalmomin da suka bi ta irin wannan hanya suka isa Kano.

Badawa nasu labarin daban ne. Harshensu ɗan'uwan Hausa ne na jini, dangin harsunan Cadi, tare da Ngizim da Duwai, ko da yake Bahaushe ba zai ji shi ba sai an fassara masa. Sarkinsu Mai ne, Mai Bade. Tsohuwar fadarsu Gogaram ce mai ganuwa, wadda wasu ke rubutawa Gorgoram, kafin a mayar da ita Gashuwa a 1946. A Gogaram ɗin ake bikin kamun kifi na Mauyi Ganga, inda masunta ke faɗawa ruwa da gora da koma.

A akushi ma sunaye na ba da labari. Manda gishiri ne a Barbarci, mu kuma muka keɓe kalmar ga wani irin gishiri na Borno. Gishirin mangul da kanwa daga tafkunan ƙasar Manga fatake suka riƙa lodo su a kan jakuna da raƙuma. Burabusko na gero, wanda ake turarawa ya yi washar-washar a zuba masa miyar kuka ko ta yakuwa, shi ma da sunansa na gabas ya iso mana. Sai banda. A bakin fadama za ka ga an lanƙwasa tarwaɗa an soke jelarta a baki ta zama zobe, an jera a kan waya bisa hayaƙi har fatar ta yi baƙi tana ƙyalli da mai, sannan a cusa a kwali a ɗaure da igiya. Karfasa da bargi da gaiwa kowanne da mai sonsa. Tun da layin dogo daga Kano ya ƙare a Nguru a 1930, gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama suka riƙa tafiya kudu a tarago.

Akwai sunan da manomi da masunci ke ambata da ɓacin rai: kacala. Ciyawa ce doguwa mai toho a ruwan da ba ya janyewa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa ta koma a kan lokaci ta rikice, ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu wawushe gero. Sunanta ya yi kusa da na Kacalla, shugaban mayaƙa, kuma mamayar da ta yi ta runduna ce.

Dausayin Haɗeja da Nguru, inda ciyawar ta mamaye, shi ne abin kallon yankin. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A Dagona, cikin ƙasar Bade, tsuntsaye daga Turai ke sauka da hunturu, har Yarima Philip na Ingila ya zo ganinsu a 1989. Arewa kuma, a Yusufari, ga tuddan rairayi da zangon Tulo-Tulo mai dabino.

Abin da ke damuna shi ne yaran Gashuwa da yawa yanzu Hausa suka fi ji a kan Badanci, kuma idan harshe ya ja baya ma'anar sunayen ƙauyuka da tafkuna ce ke fara ɓacewa. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013 tana da ɗalibai 'yan garuruwan Karasuwa irin su Wacakal da Gasma da Bukarti. A tura su wurin bulamomi da tsofaffin masunta da na'urar ɗaukar murya, kowane gari a rubuta sunansa yadda masu shi ke furtawa, da abin da suka ce yana nufi.