ƘASAR DA AKA SAYA DON NEMAN KUJERA

Da a ce wani marubuci ne ya tsara labarin attajirin da ya sayi ƙasa sukutum, da duwatsunta da gonakinta da mutanenta, sannan shi da magadansa suka shafe fiye da shekara ɗari ba su leƙa ta ba, na san da yawanmu za mu ce ya cika zuƙi-ta-malle. To amma wannan ba ƙagaggen labari ba ne, tarihi ne na wata 'yar ƙasa a tsakiyar Turai mai suna Liechtenstein. Tun da na fara karanta shi yake yi mini kai-kawo a rai, shi ya sa na ga ya dace yau mu ɗan jingine labaran soyayya mu duba shi tare.

Ƙasar dai tana maƙale ne tsakanin Suwizalan da Ostiriya, a gefen kogin Rhine. Faɗinta murabba'in kilomita 160 ne kacal, mutanenta kimanin dubu 40 masu magana da Jamusanci, hedikwatarta kuwa Vaduz.

Sunan da take amsawa na wani gidan sarauta ne da ke zaune a Biyana, babban birnin Ostiriya. Gidan yana da dukiya da filaye masu yawa, sai dai abu ɗaya ya hana su sakat: ba su da kujera a majalisar sarakunan tsohuwar daular Jamus, domin ba a ba da ita sai ga mai ƙasar da babu wani ubangida tsakaninta da babban sarkin daular. Ana nan sai bashi ya yi wa masu sarautar Hohenems katutu, suka sa yankunansu biyu a kasuwa. Yarima Hans-Adam na Ɗaya ya sayi Schellenberg a 1699, ya ƙara da Vaduz a 1712. A 1719 Sarki Charles na Shida ya haɗe su ya laƙaba musu sunan masu saye. Da yake kujera suke nema, kuma ta samu, sai suka ci gaba da zamansu a Biyana, suna aiko wakilai. Sai a 1842 sarki mai ci ya fara taka ƙasar, wato Alois na Biyu.

Ita kuwa ƙasar ta sami cin gashin kanta a 1806, lokacin da Napoliyon ya wargaza tsohuwar daular. A yaƙin 1866 ta tura soja 80 gadin wata mashiga ta tsaunuka, suka dawo ba wanda ya rasa ransa, har mutane kan yi raha da cewa 81 ne suka dawo don sun yi aboki a hanya. A 1868 aka rushe rundunar, kuma har yau ba su da soja.

Kada mai karatu ya ɗauka masu arziki ne tun fil azal. Manoma ne matalauta, da yawansu ma ƙaura suka yi zuwa Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuɗin Ostiriya da suke amfani da shi ya zama takardar tsire, ɗan abin da suka tara ya salwanta. Nan suka juya wa Ostiriya baya: suka yi sabon tsarin mulki a 1921, suka haɗe kwastan da Suwizalan suka kuma karɓi kuɗinta a 1924, sannan a 1926 suka kafa dokar kamfanoni mai sassauci don jawo dukiyar baƙi.

Yanzu ga wurin da labarin ya fi taɓa ni. A 1938, shekarar da Hitila ya haɗiye Ostiriya, Sarki Franz Josef na Biyu ya tare a Vaduz, shi ne na farko a gidan da ya zauna cikin talakawansa. A 1945 gwamnatin Chekoslobakiya ta ƙwace filayensu da fadojinsu da ke can, waɗanda suka ninka ita Liechtenstein ɗin sau da yawa. Duniya juyi-juyi ce. Abin da kakanni suka saya suka yasar, shi ya zama mafakar jikoki. Ƙunci ya kai su ga sayar da kayan gado, har da wani zanen Leonardo da Vinci da Amurkawa suka saya dala miliyan 5 a 1967.

Daga nan sarki da talakawa suka tashi tare. Masana'antu suka bunƙasa, irin su Hilti mai ƙera injinan huda kankare da aka kafa a 1941, da masu yin haƙoran roba. A yau fiye da rabin ma'aikatan ƙasar daga maƙwabta suke shigowa kullum da safe. Sai dai ba duk arzikin ne mai tsabta ba, domin sirrin bankunanta ya daɗe yana ba masu gudun haraji maɓoya. A 2008 asiri ya tonu, bayan da Jamus ta sayi bayanan da aka sato daga rukunin bankin LGT na gidan sarautar, dole ƙasar ta amince da musayar bayanan haraji.

Ta fuskar mulki, akwai majalisa mai wakilai 25 da firaminista, amma sarki yana iya ƙin sa hannu a doka, yana iya sallamar gwamnati. Su kuma jama'a suna da ikon kiran ƙuri'ar soke sarautar baki ɗaya. A 2003 Sarki Hans-Adam na Biyu ya nemi ƙarin iko, ya ce in aka hana shi zai koma Biyana, kashi 64 cikin ɗari suka goya masa baya. A 2012 aka nemi rage ikon, kashi 76 suka ƙi. Tun 2004 ɗansa Alois ne ke gudanar da al'amuran yau da kullum. Mata kuwa sai a 1984 suka sami damar yin zaɓen ƙasa, ga shi a 2025 mace, Brigitte Haas, ta zama firaminista.

Ni dai barazanar nan ta 2003 ba ta kwanta mini ba, domin ban ga dacewar uba ya ce wa iyalinsa ko a bi shi ko ya bar gida ba. Amma ba zan ƙi gaskiya ba: mutanen da a da suka yi shekara 123 ba su ga sarki ba, yau su ne ba sa son ya tafi, alhali ikon korarsa yana hannunsu. Ba ya karɓar albashi daga baitulmalinsu, kuma a tsakaninsu yake kwana yake tashi. A ganina wannan zaman tare, wanda ya soma a 1938, ya fi cinikin 1699 da 1712 ba gidan haƙƙin sarautar. Ko ƙauna ce ta riƙe jama'ar, ko tsoron kada arziki ya bi sarki ya tafi, wannan na bar wa mai karatu ya yi alƙalanci.