Kalmomin Ingilishi: da waɗanne mai koyo zai fara?

Babban ƙamus na Oxford ya ƙunshi kalmomin Ingilishi sama da 500,000, amma ƙalilan ne ke yawo a bakin mutane kullum. Shi ya sa masana suka tace waɗanda aka fi amfani da su, domin mai koyo ya fara da su.

A 1930 Charles Ogden, ɗan Ingila, ya fitar da jerin kalmomi 850. A 1953 Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a Bengal, ya wallafa nasa mai kalmomi wajen 2,000, waɗanda ke ɗauke da kimanin kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. Muryar Amurka kuwa ta soma a 1959 karanta labarai sannu a hankali da kalmomi kusan 1,500.

Wanda ya yi karatu da Faransanci a Nijar, Cadi ko Kamaru yana da sauƙi. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci sun shiga Ingilishi. "Nation" da "question" rubutu ɗaya, ma'ana ɗaya, furuci ne kawai ya bambanta.

Sai dai kama da wane ba ta wane. "Pain" burodi ne a Faransanci, ciwo a Ingilishi. "Librairie" kantin littattafai ne, "library" ɗakin karatu. Don haka malamai ke son a haddace kowace kalma cikin jimla, tare da furucinta, a kuma riƙa maimaita ta bayan 'yan kwanaki.