Tashar Iddo: Ƙofar da Muka Shigo Ikko

Jama'a, yau idan ka tambayi yaranmu na Agege ko Idi-Araba ta ina kakanninsu suka shigo Ikko, sai su ce maka ta mota. To, ba haka ba ne. Akasarinmu ta Iddo muka shigo, tashar nan ta bakin ruwa da ke fuskantar tsibirin Eko.

Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga nan a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A 1912 aka haɗe shi da Kano, tafiyar mil 700 ko kusa da haka. Kafin a gama gadar Jebba ma, sai an ɗora taragai a jirgin ruwa a ƙetare Kwara da su. Shanu da gyaɗa da fatu su gangaro, huhunan goro su hau. Cinikin goron nan ne ya zaunar da iyayenmu a Agege.

Har wani ɗan ƙaramin jirgi aka yi daga 1902, mai bi ta gadar Carter zuwa cikin gari. Da ya daina ɗaukar mutane, sai ya ci gaba da kwasar bayan gida cikin dare har 1933.

Sabon jirgin Ibadan na 2021 kuwa daga Ebute Metta yake tashi, Iddo ta zama tsohuwar zuma. Dattawan da suka sauka can da tabarma da buta suna ta ƙarewa. Don Allah mu zauna da su, mu rubuta abin da suka gani tun suna raye. Waɗanda suka riga mu, Allah Ya jiƙansu, amin.