Duwatsun Ka'aba da Tabbatar Alƙibla

Ginin Ka'aba na yau asalinsa aikin Sarkin Istambul Murad na 4 ne, bayan ambaliyar shekarar 1039 Hijiriyya ta rushe bangayenta. Tun a shekarar 64 Abdullahi ɗan Zubairu, Allah Ya yarda da shi, ya rushe ta har tushe domin ya shigar da Hijru cikinta, Hajjaju kuma ya fitar da shi a 74. To, mene ne ya tabbata alhali duwatsu sun sauya? Lokacin da babu gini, ginshiƙai ɗan Zubairu ya kakkafa, ya rataya musu labule, salla ba ta yanke ba. Malaman Hanafiyya sun bayyana cewa alƙibla ita ce filin da sararin da ke samansa, don haka ko an kai duwatsun wani gari, salla ba ta inganta a fuskance su.