Kalmar 'Kurmi' a Bakin Bahaushe da a Ilmin Dazuzzuka

Tun asali Bahaushe ya bambanta daji da kurmi. Daji shi ne fili mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, wanda gobara ke ci da rani. Kurmi kuwa, jam'insa kurame, wuri ne da manyan itatuwa suka haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa sosai. Kalmar tsohuwa ce, domin da ita aka sa wa kasuwar da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa a gefen Jakara suna. Daga baya fatake suka faɗaɗa ma'anarta ta haɗa da ƙasashen kudu, inda ake sayo goro, har akan ce wane ya tafi kurmi.

Da Turawan gandun daji suka zo, sai suka ari kalmar kamar yadda take, amma suka taƙaita ta. A wajensu kurmi shi ne tsibirin itatuwa masu duhu a tsakiyar daji, galibi a bakin rafi, irin waɗanda ake samu a kudancin ƙasar Zazzau da Jama'a. Irin waɗannan ne E. W. Jones ya wallafa nazari a kansu a 1963. Abin da ke riƙe da kurmi shi ne laima da inuwa: inuwa ta hana ciyawa fitowa, rashin ciyawa kuma ya hana wuta shiga. Saboda haka ne loko da kwakwar manja, waɗanda itatuwan kudu ne, suke rayuwa a cikinsa.

Sai dai wannan laima ita ce kuma ƙudan tsando ke so. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka sassare itatuwan bakin rafuka a yankin Anchau don yaƙar ciwon barci, aka kafa garin Takalafiya. Noma da faɗaɗar birane suka ci wasu kuramen, har ya zama Kurmin Mashi a yau unguwa ce a cikin Kaduna.

Don haka malami ko mai fassara da ya kira kowane irin wuri 'daji' ya zubar da bambancin da magabata suka yi. Ga mai nazarin tarihi kuma, sunan wurin da ya fara da 'Kurmin' alama ce da ta cancanci a bi sawunta, don a gano irin itatuwan da suka taɓa tsayawa a wurin.